Sammako zuwa Jamestown: abin da na samu a wajen mai koyar da ɗaukar hoton bakin teku

Kyamarar da ƙanena ya aiko mini daga Jamus ta yi kusan shekara guda a cikin akwati a gidanmu da ke Mamobi a birnin Akra na ƙasar Gana, domin duk lokacin da na fito da ita na auna rana, abu biyu ne kawai nake samu: ko dai hoton ya yi fari fat kamar takarda, ko kuma ya yi baƙi ƙirin har ba a gane mutum daga kwalekwale. Ina cikin wannan hali ne ɗan yayata ya nuna mini tallar wani matashi ɗan Sabon Zango a WhatsApp, wanda sana'arsa ɗaukar hoton biki da suna, amma a ƙarshen mako yakan ɗebi mutane kaɗan ya kai su gaɓar teku ya koya musu ɗaukar fitowar rana da faɗuwarta. Na biya, na je, kuma ga abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi, domin amfanin wanda yake tunanin kashe kuɗinsa a kan irin wannan hidima.

Tsarin nasa mai sauƙi ne. Sidi 450, kuɗin Gana, kowane mutum ya biya a lokacin ta momo, wato tura kuɗi ta waya, rabi kafin a fita, rabi bayan an gama, kuma kuɗin ya ƙunshi fita biyu a rana ɗaya, ta asuba da ta yamma, da aron ƙafa-ukun da ake ɗora kyamara, da alkawarin cewa zai zaɓi hotuna goma daga cikin waɗanda mutum ya ɗauka ya gyara su ya turo cikin kwana uku. Kuɗin mota da na shiga wurin shaƙatawa ba sa ciki, kuma ya faɗi haka tun farko. Ba ya ɗaukar fiye da mutum biyar. Mu huɗu ne a ranar, wata Asabar ta ƙarshen Nuwamba: ni da ɗan yayata, da wasu mata biyu daga Madina masu sayar da mayafai da abaya ta intanet, waɗanda da wayoyinsu kawai suka zo.

Abin da ya fara burge ni shi ne tsaurinsa a kan lokaci. Ya ce mu haɗu a gindin hasumiyar fitilar Jamestown da ƙarfe 5:20, bayan kowa ya sallaci asuba, kuma ya ja kunnenmu cewa ba zai jira kowa ba. Na ɗauka zafin kai ne irin na samari, har na ce masa ai rana ba za ta fito ba sai wajen shida saura biyar. Amsar da ya ba ni ita ce darasi na farko. Ya ce: "Kawu, wanda ya zo da fitowar rana ya makara. Abin da muka zo nema yana ƙarewa kafin ta leƙo." Bayanin da ya biyo baya ya gamsar da ni. Akra, ko Ankara kamar yadda iyayenmu suke kiranta, tana kusan digiri biyar da rabi ne kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana a wajenmu ba ta tasowa a karkace tana jan ƙafa kamar yadda take yi a Turai, miƙewa take yi tsaye. Tana cin digiri ɗaya a cikin minti huɗu, faɗin ƙwallonta kuwa rabin digiri ne, ke nan daga leƙowar gefenta na sama zuwa fitowarta gaba ɗaya minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Hasken da ke gabanta, wanda ake iya ganin mutum da shi ba tare da fitila ba, bai wuce minti ashirin da kaɗan ba, kuma bayan rabin sa'a da fitowarta ta riga ta yi ƙarfin da ba ta da sauran launi. Duk cinikin asuba, in an tattara shi, bai kai sa'a guda ba, wanda ya tsaya neman tasi da ƙarfe biyar da rabi kuwa hantsi zai tarar.

Mun gangara ta gefen hasumiyar, mai ratsin ja da fari, wadda aka gina a shekarun 1930 a madadin ta farko ta 1871, ga kuma James Fort da Turawan Ingila suka gina a 1673 yana tsaye a saman tudu. Kafin kowa ya buɗe jaka, malamin ya je ya gaisa da dattawan masunta da yaren Ga, ya gaya musu ko mu su waye da abin da ya kawo mu, sannan ya dawo ya nuna mana kwalekwalen da aka yarda mu ɗauka da matan da ba sa son a auna musu kyamara. A ganina wannan kaɗai ya kai wani kaso na kuɗin. Gaɓar Jamestown wurin neman abincin mutane ne, kuma baƙon da ya faɗo da kyamara ba sallama ba gaisuwa, in ya ci sa'a harara kawai zai sha. Shi ne ma ya gaya mana dalilin da ya sa ba ya fita ranar Talata: ranar ce masuntan Ga ba sa shiga teku bisa al'adarsu, saboda haka babu kwalekwalen da zai dawo da kifi da sassafe, sai dai masu ɗinkin koma a bakin ruwa, wanda shi ma hoto ne, amma ba irin wanda muka zo nema ba.

A nan ne ya warware mini matsalar da ta hana ni sakat shekara guda. Kyamara, in ji shi, ba ta san rana ba kuma ba ta san kwalekwale ba, abin da ta sani shi ne ta haɗa haske da duhun da ke gabanta ta fitar da matsakaici. Idan duhun yashi da jiragen ya rinjaya, sai ta buɗe wa haske ƙofa da yawa, sama ta ƙone ta zama fara, launukan da ido yake gani su tafi. Maganin shi ne mutum ya auna hasken daga sararin sama, kusa da inda rana za ta fito amma ba a kanta ba, sannan ya rage mataki ɗaya, ya bar abin da ke gaba ya zama baƙar sura. Ya sa na ajiye ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin haske na kyamara, a kan 100, ƙofar hasken a kan f/8 zuwa f/11, sannan na riƙa canza saurin ƙiftawar kyamarar kaɗai yadda gari yake wayewa. Da muka fara, sai da ta ɗauki daƙiƙa biyu a buɗe kafin hoto ya fito, abin da ba ya yiwuwa a hannu sai a kan ƙafa-uku, kuma a wannan jinkirin raƙuman ruwa suka narke suka zama kamar auduga a kan yashi. Minti ashirin bayan haka ina ɗauka a kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, ana ganin kowane ɗigon ruwa da ke tashi daga gaban jirgi. Ban taɓa fahimtar cewa haske yana ninkuwa da irin wannan sauri ba sai da na ga lambobin suna gudu a ƙarƙashin yatsana.

Bai raina matan da suka zo da waya ba, kuma na lura da hakan da kyau, domin masu manyan kyamarori sun iya kallon mai waya sheƙeƙe. Ya nuna musu yadda za su danna yatsa a kan sama su riƙe har wayar ta kulle hasken, su ja alamar ƙasa har launi ya dawo, su kunna layukan da ke raba allo gida uku domin kada teku ya karkace kamar zai zube ta gefe guda, kuma su daina jawo hoto da yatsu biyu, su taka da ƙafa su matsa kusa. Tsakani da Allah, biyu daga cikin hotunan da suka fi kyau a wannan safiyar daga wayar Hajiyar da ta fi shekaru suka fito, saboda ita ta yarda ta durƙusa har wayar ta kusa taɓa jiƙaƙƙen yashi, inda ruwan da ya koma ya bar shimfiɗa mai sheƙi kamar madubi, sama ta fito sau biyu a hoto ɗaya.

Wajen ƙarfe 5:40 gajimaren da ke can sama suka kama ja ta ƙasa, daga nan suka koma ruwan goro, teku kuma ya ɗauki launin ya shimfiɗa. Malamin ya bayyana cewa hasken rana idan tana goshin fitowa yakan ratsa iska mai kauri fiye da sau talatin a kan wadda yake ratsawa da tsakar rana, kuma a wannan doguwar tafiya shuɗin haske yakan warwatse a hanya, ja da rawaya su ƙaraso. Shi ya sa gajimare masu tsayi, sirara, su ne abokan mai hoto, sama fes ba gajimare kuwa ba ta ba da komai sai ƙwallo ɗaya a fili. Ya ƙara da cewa iskar tana lanƙwasa hasken da kusan rabin digiri, ta yadda lokacin da ido ya ga rana ta zauna a kan ruwa, a haƙiƙa ba ta gama tasowa ba, kuma wannan lanƙwasar ce take sa ta fito a ɗan baje kamar waina. Ya hana ni leƙa ta ta ƙaramar tagar kyamara bayan ta fito, ya ce gilashin yana tara haske ya cutar da ido, in yi amfani da allon baya. Abin da ya fi nanatawa, har sai da ya zama kamar karatun allo, shi ne cewa rana ita kaɗai ba hoto ba ce. Sai an sa mata wani abu a gaba: kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungumen itacen wawa guda ɗaya da tutocinsa, ko yaro ɗauke da kwano a ka, ko layin masu jan igiya suna jingina baya gaba ɗaya.

Akwai ƙananan abubuwa da sai wanda ya daɗe a bakin teku yake saninsu, kuma ya ba mu su ba tare da rowa ba. Ya ce kada a fito da kyamara daga mota mai sanyi kai tsaye zuwa iskar teku, domin gilashin zai yi gumi ya ƙi washewa har lokacin ya wuce. Ya hana sauya gilashi a kan yashi, ya hana goge feshin gishiri da gefen riga, ya raba mana ƙyallaye masu laushi da ɗan ruwa mai tsabta. Ya sa aka danna ƙafafun ƙafa-ukun cikin yashi sosai, saboda kowane raƙumin ruwa da ya koma yakan zare ƙasan da ke ƙarƙashinsu. Ya duba jadawalin cikar teku da janyewarsa tun daren jiya, abin da ke faruwa sau biyu a yini kuma yake jinkirta da kusan minti hamsin kowace rana. Ya kuma kafa doka cewa ba wanda zai juya wa ruwa baya ko ya shiga ya wuce idon sawu, domin tekunmu yana da jan ƙasa mai ƙarfi. Ɗan yayata ya karya dokar sau ɗaya, ya koma gida da jiƙaƙƙen wando, kuma ban ga laifin kowa ba sai nasa.

Na yaba masa a kan wani abu da masu talla ba su cika yi ba. Gaɓar Jamestown tana da shara, leda da robobi da tsummokaran gwanjo da ruwa yake dawowa da su suna murɗe kamar igiya, kuma bai ɓoye mana wannan ba tun a waya. Ya nuna mana yadda ake ɗaga kyamara kaɗan ko a bar ƙasan hoton ya yi duhu idan ba a son ta fito, amma ya ce ba zai goge ta da kwamfuta ba idan hoton na masunta ne, domin a cikinta suke aiki. Bayan mun hau sama muka zauna shan koko da ƙosai, ya ba mu labarin cewa unguwar Jamestown ɗin nan tsohuwar gidan hoto ce: a nan J.K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe shagon hoto na Deo Gratias a 1922, a nan kuma James Barnor ya yi shagonsa na Ever Young a shekarun 1950. In da a nan hidimar ta tsaya, da ba ni da abin cewa sai godiya.

Fitar yamma ce ta rage mini daɗi, kuma ina ganin laifin na malamin ne, ba na rana ba. Tallarsa tana ɗauke da hoton rana tana nutsewa cikin teku tsamo-tsamo, kuma da wannan hoton a zuciya muka isa bakin tekun Labadi bayan la'asar. Abin da bai gaya mana ba sai da muka tsaya a kan yashi shi ne cewa gaɓar Akra kudu take fuskanta, kuma ta miƙe ne a karkace, daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Wannan karkata ita ce take sa rana ta fito daga cikin ruwa a mafi yawan watannin shekara, ita ce kuma take sa ta faɗi a kan tudu. Sai a watannin Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da rana ta fi karkata kudu, take matsowa ta faɗi kusa da bakin gaɓa, a sauran shekara kuwa bayan gine-gine da itatuwan kwakwa take ɓuya. A ranar tamu ta gangara ta wajen unguwar Osu, ta shige bayan bishiyoyi da rufin gidaje tun kafin ta kai ƙasa. Da na tambaye shi inda aka ɗauki hoton tallar, sai ya yi murmushi ya ce: "Kawu, wannan ai fitowa ce, ba faɗuwa ba, ba mai iya bambancewa." Gaskiya ne ba mai iya bambancewa a hoto, amma wanda ya karɓi kuɗin mutane a kan fita biyu ya kamata ya faɗa musu tun farko cewa ta biyun ba za ta yi kama da ta farko ba. Ya san wannan sarai, domin da bakinsa ya zana mana gaɓar a kan yashi da yatsa.

Ba ina cewa yammar ta tashi a banza ba. Hasken da ke zuwa daga gefe ya yi wa dawakan da ake hawa a Labadi kyau ƙwarai, matan nan kuma sun sami abin da ya kawo su, domin a wannan hasken mai laushi launin mayafi yake fitowa da gaskiyarsa ba tare da ƙyalli ba. Sai dai taron Asabar ya yi yawa, kiɗa ya cika wurin, kuma da ƙyar muke jin abin da yake faɗa. Abin da ya fi damuna shi ne lissafin magariba. Rana ta faɗi wajen shida saura kwata, kuma shi da kansa ya ce launi mafi kyau yana zuwa ne minti goma zuwa goma sha biyar bayan faɗuwarta, wato daidai lokacin salla. Dukkanmu Musulmi ne, har da shi, amma bai tanadi tabarma ba, bai tanadi ruwan alwala ba, bai kuma nemi gefen da babu hayaniya ba. Sai da muka sayi ruwan leda muka raɓe a bayan wata rumfa muka yi salla a gurguje. Wanda ya iya tsara asuba har ya bar wa kowa lokacin sallarsa, bai kamata magariba ta zo masa kamar baƙuwa ba.

Hotuna goman da aka yi alkawarin kwana uku sun iso bayan kwana goma sha ɗaya, bayan na tuna masa sau biyu, kuma uzurinsa shi ne bukukuwa sun yi masa yawa. Ya turo su ta WhatsApp a matsayin hoto, abin da yake matse su ya rage musu inganci, sai da na roƙa ya sake turowa a matsayin fayil kafin na sami wanda za a iya wankewa babba. Gyaran nasa ma ya yi nauyin hannu: ya ƙara jan har sama ta koma kamar manja, alhali da safe shi ne yake yi mana huɗuba a kan gaskiyar hoto. Da na nuna rashin jin daɗina, bai yi gardama ba, ya sake gyara uku daga ciki yadda ido ya gan su, ya kuma ba da haƙuri cikin ladabi.

Ga wanda yake son zuwa, shawarata ita ce ya nemi fitar asuba ita kaɗai, ya yi ciniki a kanta, domin a nan ilimin yake, kuma a nan kwalliya take biyan kuɗin sabulu. Ya kuma lura da wata. Daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Disamba, bayan ƙaramar damina ta wanke iska kuma kafin hunturu ya sauko, shi ne lokacin da sama ta fi ba da launi. Idan hazon hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, rana ba ta bayyana sai ta ɗaga sama, ta fito fara kamar faranti, teku da sama su haɗe ba layi a tsakaninsu, ko da yake masu son hoto mai sanyin launi suna neman wannan da gangan. Yuni watan ruwa ne, Agusta kuma gari yakan wuni a lumshe. Mai waya bai kamata ya ji tsoron zuwa ba, mai kyamara kuma ya cika batirinsa tun dare ya zo da memori marar komai. Wanda ƙafarsa ba ta da ƙarfi ya sani cewa gangaren Jamestown da duhu ake saukarsa, kuma ya kamata ya riƙe tocila.

Na koma gaɓar ni kaɗai sau biyu tun daga lokacin, na gaisa da dattawan da ya gabatar da mu gare su, kuma sun gane ni. Hoton da na kai aka wanke aka sa a firam, wanda yanzu yake rataye a zauren gidanmu, na ɗauke shi ne da ƙarfe 5:47 na safiyar farko, mutum bakwai suna tura kwalekwale cikin ruwa, rana ba ta fito ba tukuna.